Bijiman Jibril

Kwana uku ke nan Haladu yana fama da bijimai biyu, Fari da Gajere, a gonarsu ta bayan Dayi, ko kunya ɗaya ta kirki bai tayar ba. Da ya kafa garma sai Fari ya tokari Gajere, su karkace su nufi gonar maƙwabta. Ya yi tsawa, ya yi bulala har hannunsa ya gaji. Ga ruwa ya sauka, kowa ya shuka masararsa.

Shanun na yayansa Jibril ne. Kakansu Manu da garke ya shigo ƙasar nan, ciwon huhu ya cinye shanun, ya haƙura ya kama noma. Mahaifinsu ya rasu bai bar ko akuya ba. Jibril ne ya maido saniya gidan, ya sayo su suna 'yan maruƙa, ya hore su da hannunsa. Bayan huɗar bara ya shiga soja. Bayan wata goma aka bugo waya cewa an yi musu kwanton ɓauna a Borno, a can aka binne shi. Haladu yana Funtua yana acaɓa labarin ya same shi.

Baffa Maitama, ƙanin mahaifinsu, ya tsayar da babur a bakin gona ya dubi karkatattun kunyoyin.

"Wannan huɗa ce ko sawun maciji?"

"Baffa, za su saba da ni."

"Kai da ko tunkiya ba ka taɓa kiwo ba? Jibi kasuwa. In ban ga gona a huɗe ba, zan kora su."

Ya tada babur ya tafi. Haladu ya kasa zama. Ya duba karkiya, ya duba bakin garma, ya zaga ya dawo, ya shuri ƙasa. In aka sayar da su, me ya rage na Jibril a gidan ban da hoto cikin kaki?

Da hantsi sai ga mahaifiyarsu, Inna Rabi'atu, da ƙwaryar fura a ka. Tun ranar da aka bugo wayar ba ta taka gonar ba. Ta sauke ƙwaryar, ta tsaya tana kallon shanun.

"Wa ya ɗaura su haka?"

"Ni ne, Inna."

"To, ɗan birni, ka juya su. Fari dama yake tsayawa. Jibril bai taɓa sa shi a hagu ba."

Haladu ya tsaya da igiya a hannu. Jibril ɗan fari ne. Tunda Haladu ya yi wayo bai taɓa jin sunan a bakinta ba, sai "wancan", sai "yayanku". Ita ma ta ji abin da ta faɗa. Ta ja bakin gyalenta ta rufe baki, ta juya masa baya.

Ya kwance karkiya, ya sauya musu wuri. Bai gama ɗaurewa ba Gajere ya taka cikin kwari da kansa. Inna ta tuɓe takalmanta ta karɓi igiyar hanci.

"Riƙe garmar da kyau," in ji ta. "Kada ka dake su."

Ƙasa ta fara tsagewa. Kunyar ta tafi samɓal har bakin iyaka, suka juyo.