Gurbin Uwani

A shekarar da Ruƙayyatu 'yar Malam Tamba ta gama sakandare a Argungu, wata makarantar koyon aikin ungozoma ta daina sayar da fom na takarda, ta ce kowa ya cika a intanet. Tun tana aji uku yarinyar take cewa ungozoma za ta zama, kuma sakamakonta ya yi kyau. Fom kawai ya rage. Saura kwana biyu a rufe zazzaɓi ya kwantar da ita, gidan intanet ɗin da suka sani a garin kuma ya yi mako a kulle. Sai uban ya bar shinkafarsa a fadama, ya zuba takardunta a ambulan, ya hau mota zuwa Birnin Kebbi.

Ruƙayyatu ita ce 'yar farin Tamba, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Saboda haka shekara goma sha takwas bakinsa bai taɓa furta sunan ba. Uwani yake ce mata, gidan duka haka suke kiranta. Wannan kunya ce ta mutanen kirki. Wanda ya tsara shafin makarantar bai san da ita ba, bai kuma tambayi kowa ba.

Wani ɗan acaɓa ya sauke shi a shagon intanet na wani Ikrima da ke unguwar Gesse. Kwamfuta shida ce a ciki, huɗu ke aiki. Ikrima magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma in ya zauna gaban allo sai ka ce an ɗaure masa wuya. Abokinsa Ja'afar na zaune kan tebur da buɗaɗɗiyar kwamfuta a cinya, suna gardama kan wace manhaja ta fi saurin buɗe shafi. Tamba ya yi sallama sau biyu kafin a amsa.

"Baba, fom ne? Zauna nan. Ja'afar, taka manhajar jaki ce, sai da bulala take tafiya."

"Jakin ya fi dokin da ke faɗuwa kowace safiya," in ji Ja'afar.

Tamba ya sayi katin da ake kankarewa, Ikrima ya shigar da lambar. Shafin ya ɗauki lokacin da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu kafin ya buɗe. A samansa akwai agogo mai ƙirga minti goma sha biyar, in sun cika sai komai ya goge. Suna tsakiyar cikawa wuta ta ɗauke. Kafin a tayar da janareto agogon ya cinye lokacinsa. A karo na biyu sun kai ƙarshe, shafin ya yi jan rubutu ya ce hoto ya yi nauyi, bai faɗi nauyin da yake so ba, ya kuma share duk abin da aka rubuta.

"Ɗana, hoton ga ko tsinke bai kai nauyi ba," in ji Tamba.

Ja'afar ya yi dariya har kwamfutar ta kusa zame masa. Babu wanda ya yi wa dattijon bayani. Haka masu wannan sana'a suke: abin da suka koya jiya, yau suna yi wa ubanninsu dariya a kansa.

A karo na uku Ikrima ya ƙule, yana bugawa da sauri. Sunan da ya kwafa daga takarda sau biyu ya fita daga kansa, ambulan kuma ta shige ƙarƙashin kayan Ja'afar. Bai nema ba, sai ya yi tambaya ido na kan agogo.

"Baba, mi as sunan ɗiyar ma?"

Tamba ya dubi ƙasa. "Uwani."

Ikrima ya buga, ya danna, shafin ya karɓa. Bai tambaya ko an tabbata ba, bai nuna abin da aka cika don a duba ba. Firinta ta fitar da takarda, Tamba ya ninke ta ya yi godiya, don ba ya karatun boko.

Da la'asar ya miƙa wa 'yarsa a kan tabarma. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta tashi zaune.

"Baba, wa ac cikin wagga takarda? Ni duk takarduna ba su da Uwani."

"To ba ke ce ba?"

"A gida ni ce. Can ba su san ta ba."

Ta juya fuska bango. Washegari da sassafe Tamba ya sake hawa mota.

Ikrima ya ɗora takardar sakamako kusa da wadda ya buga, ya karanta sunan gaskiya da ƙarfi. Tamba ya kau da kai kamar an taɓa masa ciwo.

"Haba Baba! Don mi ba ka hwaɗi min haka ba?"

"Sunan uwata ne. Kai kana kiran sunan taka a kasuwa? Kuma takardun suna gabanka, kai ne mai ido."

Ikrima ya san rabin laifin nasa ne. Ya buɗe shafin ya bi shi sama da ƙasa. Akwai wurin sake buga takarda, akwai hoton ginin makarantar, akwai jawabin maraba mai tsawo da furanni suna juyawa a gefensa. Wurin gyara suna babu. Ya ɗauko sabon kati daga nasa ya gwada, shafin ya ce an riga an yi amfani da wannan lambar jarrabawa. A ƙasa akwai lambar waya. Suka kira, wata murya ta ce lambar ba ta aiki. Suka aika imel, ya dawo musu kafin Tamba ya gyara zama.

Ja'afar ya karɓi kujerar, ya naɗe hannun riga. Ya buɗe cikin shafin, rubutu ya cika allo kamar tururuwa, ya yi ta tsaki yana jin daɗi.

"Ikrima, zo ka ga aikin banza! Wallahi wanda ya rubuta wannan ko keke bai kamata a ba shi ya gyara ba."

"To kai gyara muna," in ji Tamba.

"Baba, daga nan ana gani ne kawai. Gyaran yana hannunsu can."

"Su wa?"

Babu wanda ya san su wa. Da fom na takarda ne, da akwai akawu mai fuska da za a gaishe shi, a faɗa masa uzuri, ya ja layi da biro ya sa hannu. Yanzu an cire mutum an ajiye allo, kuma an kira abin ci gaba. Ƙarfe huɗu shafin ya rufe. Ikrima ya raka Tamba har bakin titi yana ba shi haƙuri, ya ce su je ranar tantancewa da duk takardunsu, wataƙila a saurare su.

Bayan wata guda sunaye suka fito, Uwani Tamba tana lamba ta tara. Uba da 'ya suka je da ambulan ɗinsu da wasiƙar mai unguwa. Ma'aikacin da ke tantancewa ya dubi allonsa, ya dubi takardar sakamako, ya ce sunan da na'ura ta ba shi kaɗai zai iya ɗauka, shi ma ba a ba shi wurin gyara ba. Tamba ya ce ga yarinyar a tsaye, ga hotonta a fom, a dube ta mana. Mutumin ya dube ta, ya yarda ita ce, ya ce su sake nema baɗi, sannan ya kira lamba ta goma.

A mota Ruƙayyatu ta karɓi ambulan daga hannun ubanta ta sa a jakarta.

"Baɗi ko a kwance nike, a ɗauko ni a kawo ni," ta ce.

Tamba ya yi ta kallon fadama ta taga har suka shiga Argungu.