Kifin Malama Susan

Zakari yana cikin gyara wuyan farar rigarsa a gaban kyamarar kwamfuta, a ƙuryar shagon abokinsa Gideon da ke bakin kasuwar Yelwa, sai ƙanshin bandar kifi ya rigayi mai ita shigowa ɗakin. Masu banda sun yi yawa a Yauri, amma mutum ɗaya ne ya sani da ke haɗa ƙanshinta da turaren zuwa Juma'a.

"Salamu alaikum. Ina manajan namu?"

Baffa Sule ne, ƙanen mahaifinsa, dillalin kifi a Wara, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifin. Ya sha babbar riga shuɗiya mai aiki, wadda ba ya fito da ita sai ranar ɗaurin aure, yana rungume da wani dogon ƙunshi a takardar siminti. Zakari ya zame daga kujera ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Baffa, sannu da hanya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Innarka ta aiko mini yau ce ranar. Na ce in dai ina numfashi ba za a yi babu ni ba." Ya dubi ɗakin, ya zaɓi kujerar roba da ke jikin bango, ya zauna ya baza riga. "Ina malamar take? Cikin wannan akwatin za ta fito?"

Murna ce ta fara kama Zakari, domin Baffa ba ya barin kasuwa don abin wasa. Tun da ya gama difloma a kimiyyar kwamfuta yake buga wa mutane takardu a shagon Gideon, har ranar da ya ci karo da wani kwas da ake yi ta intanet, na sarrafa tsarin bayanai da ƙwarewar aiki ga manajojin sufurin jiragen sama. Bai taɓa shiga jirgin sama ba. Iyakarsa da shi farin layin da yake bari a sararin tafkin Kainji. Duk da haka karatun ya shige shi kamar don shi aka tsara. Ya kan zauna yana mamakin yadda sunan fasinja guda, da zarar an shigar da shi a kantar karɓar fasinja, yake tafiya da kansa zuwa ga mai tsaron ƙofa, da masu lodin kaya, da masu abinci, har ya zama nauyi a lissafin da matuƙi zai sa wa hannu. A jarrabawar rubutu babu wanda ya kamo shi a ajinsu.

Saura ta baki, kuma ita ce ta yau. Wanda ya ci za a tura shi horon aiki a filin jirgin sama na Kano. Wanda ya faɗi sai ya jira wani zagaye, in da rabo. A gwajin da aka yi musu kwanakin baya, Malama Susan, mai koyar da su ƙwarewar aiki, ta fito a matsayin tsohon kyaftin, wato matuƙin jirgi, mai gaggawar tashi. Tana ɗaga murya, Zakari ya sunkuyar da kai ya ce to. Ta tsayar da gwajin ta gaya masa cewa duk sanin na'urar da ya yi bai da amfani in ta nuna haɗari shi kuma bakinsa ya kasa faɗa wa wanda ya girme shi. Tun daga ranar yake gwada kallon ido a madubin Inna, ita kuwa tana dariya tana tambayarsa wanda ya ci masa bashi.

Sai a lokacin ya tuna dokar, murnar ta gushe. Kafin a fara, dole ɗalibi ya zagaya da kyamara ya nuna ɗakin duka. Idan aka ga wani, an soke jarrabawar.

Gideon ya leƙo ta labule, ya dubi Baffa, ya dubi Zakari, ya ɗaga gira.

"Baba, ga benci a waje mai iska, ko in kawo maka ruwan sanyi can?"

"Bar shi, ɗan nan. Nan ma da iska."

Gideon ya ɗaga kafaɗa, ya ce zai je ya karɓo takarda ya dawo. Labulen bai gama sauka ba kwamfutar ta soma ƙara. Zakari ya tashi ya danna. Fuskar Malama Susan ta bayyana, da tabarau da ɗan littafi a gabanta. Ta gaishe shi da Turanci, ta ce ya nuna mata ɗakin.

Ya ɗauki kwamfutar ya soma juyawa a hankali, kamar jinkirin zai canza abin da ke jikin bango. Injin kwafin takardu ya wuce. Katan-katan na farar takarda suka wuce. Sai ga Baffa Sule ya cika allon, ya gyara hula, ya ɗaga hannu da fara'arsa duka.

"Ranki ya daɗe."

Malama Susan ta ɗan rusuna da kai, sannan ta ce wa Zakari ya san doka. Za ta jira shi kaɗan, amma akwai ɗalibai a layi.

"Mi ta ce?" in ji Baffa. "Gaya mata ni ne ubanka. Ga ɗan abin miya na kawo mata, giwan ruwa ne, da hannuna na zaɓe shi."

Zakari ya ajiye kwamfutar a tebur ya dawo ya durƙusa. Tun da yake bai taɓa sanin launin idon Baffa ba. Takalmansa ya sani, da bakin wandonsa, da wani tabo a babban yatsansa na ƙafa.

"Baffa, cewa ta yi ba a yarda kowa ya zauna a ɗakin ba."

"Kowa dai. Ni kowa ne?" Baffa ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Ni na kai ka makarantar allo na damƙa ka hannun malam. Ni na kai ka firamare, hedimasta ya ci tarwaɗata har ya yi ritaya. Inda ka yi diflomar nan ma sai da na je na ce musu ga amana. Wace irin makaranta ce wannan da uban yaro ba ya zama gaban malami? Ka yi karatunka, ni ba zan ce uffan ba."

Kalmar tana kan harshensa, gajeriya, mai sauƙi, wadda ya rayu da ita: to. Ya ji ta tana neman fita. Ta gefen ido ya hango Malama Susan ta duba agogon hannunta. Abin da ta koya musu ya dawo masa da muryarta: a fara kiran mutum da girmansa, a faɗi abin da aka gani ba tare da kwana-kwana ba, kada kuma a bar shi tsaye babu mafita. Ya ɗaga kai. Idon Baffa ashe ja-ja ne, na wanda ya daɗe a bakin hayaƙin banda.

"A'a, Baffa."

Ana jin masu kabu-kabu suna kiran fasinja a bakin titi.

"Baffa, Allah ya ƙara maka girma. In kana cikin ɗakin nan za a soke jarrabawar yanzu, ko ka yi magana ko ba ka yi ba. In aka soke, babu Kano. Ba raini ba ne, haka ake yi wa kowa, ko ɗan wane ne." Ya nuna ƙofa. "Amma ƙofar nan ba ta da sakata, yau kuma kasuwa na ci. Duk wanda ya faɗo neman kwafin takarda ya kashe ni. Ban san wanda zai iya tsare ta ba in ba kai ba. In an gama, ni da kaina zan roƙi malama ku gaisa."

Baffa ya dube shi tsawon lokaci. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya tattara riga, ya ɗauki ƙunshin kifinsa, ya fita.

Zakari ya koma kujera. Ya sake zagayawa da kyamarar. Malama Susan ta ce a fara.

Ta shimfiɗa masa labarin. Shi ne manaja mai aiki a ranar. Fasinjoji sun shiga, an kusa rufe ƙofa. Sai manhajar lodi ta nuna an ƙara kaya a bayan jirgi, alhali nauyin da kyaftin ya sa wa hannu bai haɗa da su ba. Ta cire tabarau, ta ɗaure fuska, ta zama kyaftin. Ta ce tana tuƙa jirgi tun kafin a haife shi, ɗan bambancin nan ba zai hana ta tashi ba, kuma in aka makara shi zai amsa tambaya a ofis.

Daga waje wata murya ta ratso labule.

"Ba a shiga."

"Baba, shagona ne fa," in ji Gideon.

"Ko na gwamna ne. Zauna nan."

Sai da Zakari ya danne dariya. Ya dubi ƙwayar kyamarar sosai. Ya kira ta kyaftin, ya ce bayanai biyu sun saɓa, kuma ba zai saki jirgin ba sai sun zama ɗaya. Ya ce ya riga ya sa masu lodi su sake tabbatar da abin da ke baya, sabon lissafi zai iso mata ta sa hannu, shi kuma zai sanar da fasinjoji ya ɗauki laifin jinkirin. Ta ƙara ɗaga murya. Ya maimaita maganarsa da murya iri ɗaya, bai ƙara zafi ba, bai kuma rage komai ba. Ta canza tambaya: in manhajar ta ɗauke gaba ɗaya fa? Nan kuwa gidansa ne. Ya bayyana yadda za a koma lissafin hannu, yadda duk adadin da aka faɗa ta rediyo sai mai karɓa ya maimaita shi, da wanda ke da ikon shigar da bayanan idan na'ura ta dawo. Maganar ta riƙa zuba har ta ɗaga masa hannu.

Ta mayar da tabarau ta yi rubutu. Sannan ta ce ya ci, saƙon horon zai same shi, ya fara shirin Kano.

Zakari ya ji kamar ya tashi ya zagaya teburin da gudu. Ya riƙe gefen kujera, ya yi godiya har sau ba adadi, sannan ya roƙe ta alfarma ɗaya: baffansa, uban da ya riƙe shi, ya taso tun daga Wara don ya gaishe ta. Ta yi murmushi ta ce ya shigo da shi.

Ya tarar da Baffa ya gitta benci a bakin ƙofa ya zauna a tsakiya. Gideon na gefe rungume da katan na takarda, ga wata mata da takardun asibiti da wasu mutum biyu, duk sun yi shiru kamar masu jiran liman.

"Baffa, na ci. Tana jiranka."

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa a hankali. Gideon kuwa ya saki katan ya rungume Zakari yana ce masa daga yau ya nemi wani mai buga takarda, manaja ya fi ƙarfinsa.

Baffa ya shiga ya tsaya gaban kwamfutar, ya kwance takardar siminti, ya ɗaga giwan ruwan da hannu biyu har ya rufe allon. Zakari ya buɗe baki zai fassara.

"Baba, ina wuni?" in ji Malama Susan da Hausa tsaf. "Wannan kifi haka. Rabona da giwan ruwan Yauri tun ina yarinya a Zuru."

Nan take Zakari ya gane ta ji duk abin da suka faɗa shi da Baffa. Makirfon a buɗe yake tun shigowarta, kuma bai taɓa tambayar kansa daga ina ta fito ba.

"Ashe tamu ce," in ji Baffa, fuskarsa ta washe. "To malama, ga amana nan. Yaro ne mai kunya, sai kin yi haƙuri da shi."

"Na ga kunyar tasa, Baba," in ji ta. Ta dubi Zakari ta saman tabarau. Ta ce kifin a kai wa Innarsa ta ci a madadinta, ta yi sallama, allon ya yi duhu.

La'asar ta kusa lokacin da ya raka Baffa tashar motocin Wara, yana biye da shi a baya riƙe da ƙunshin. Duk wanda suka gamu da shi sai Baffa ya tsaya ya gaya masa ɗansa zai tafi Kano aikin jirgin sama. Sai da suka isa bakin mota ya juyo.

"Ran da za ka tafi, ni zan kai ka. Har cikin inda jiragen ke tsayawa, in ga shugaban wurin in damƙa ka."

Zakari ya rusuna ya buɗe masa ƙofar gaba.

"Har bakin filin dai, Baffa. Can ciki ma ba a shiga."

Baffa ya tsaya da ƙafa ɗaya a mota, ya dube shi, Zakari bai kawar da ido ba.

"To," in ji Baffa. Ya tattara rigarsa ya shiga.