Farar Takardar Fauziyya

Shekara biyu a jere Fauziyya tana faɗuwa jarrabawar ƙarshe, alhali duk ɗaliban Najeriya da ke unguwar Darrasa a Masar babu wanda ya kai ta Larabci. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce sammu.

Ran Juma'a za ta fita da ganyen dabino da gorar ruwa, sai ƙawarta Lauratu ta tare ta a ƙofa.

"Wai ke me ke damunki? An ce farar takarda kika miƙa musu."

"In na ci, zamana a Masar ya ƙare, sai gida," in ji Fauziyya. "Wa zai riƙa zuwa wurin Al'amin?"

Al'amin ɗanta ne. Wata bakwai ya yi a duniya, yana kwance a maƙabartar bayan unguwa, inda mata kan je ziyara da ganyen dabino da ruwa babu mai hana su.

Lauratu ta sunkuyar da kai. "Ma'alish, yi haƙuri, Fauziyya. Sakamako ya fito, makaranta ta sallame ki."

Fauziyya ta gyara mayafinta, ta ɗaga kai.

"To, matsa in wuce. Yana jirana."