Hancin Gidan Iya Nuala

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a soron Baba, wanda Yaya Ɗanjuma ya rantse sai ya rushe ya sa bulo, sai na yi wani mafarki. Laifin 'yata Rakiya ne, mai turo mini hotuna daga Ireland inda take karatu.

Na tsinci kaina a wani gari bakin teku. Gidaje dogaye, wannan ja, wancan ruwan ɗorawa, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, tagoginsu sun turo ciki waje. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa, don haka kowa ya kifa lemarsa yana tafe a kanta. Kowace safiya gidajen kan gangara teku su wanke ƙafa, su dawo.

Shekarata talatin ina gini, idona ba ya wuce rufi. Kowane gida da zankwayensa, na ji daɗi har raina, amma duk an bar su da rami a ka. Wane sakaran magini ne wannan? Na kwaɓa ƙasa, na hau, na toshe na wani koren gida, na shafe sumul.

Gidan ya fara tari. Mai shi, wata tsohuwa Iya Nuala, ta fito cikin hayaƙi tana dariya, da Hausarta ta Zazzau.

"Malam Tanimu, ai hancinsa ka toshe. Ta nan hayaƙin murhu ke fita."

Gidan ya yi atishawa, ƙasata ta faɗa teku. Kunya ta kama ni. Na tambaye ta shekarunsa, ta ce ɗari da hamsin, tun zamanin wata sarauniya. Na ce ba a rushe shi ba?

"Kai kana rushe kakanka? In ya gaji, maƙwabcinsa ya tallafe shi."

Sai ga mu a ƙarshen layi. Tsakanin shuɗin gida da fari, ga soron Baba a sahu, zankwayensa a miƙe, ya tattare gindi kada ruwa ya jiƙa shi. Farin gidan ya sa masa kafaɗa. Na yi ta dariya har da hawaye.

Ƙarar baro ce ta tashe ni, leburorin Yaya sun iso da diga. Na fita na karɓe baron, na ce su ajiye digar su ɗebo mini jar ƙasa.