Shimfiɗar Baba Bukar

Garaje mugun hali ne, kuma shi ya ci Saminu. Ranar da abin ya faru, ƙafarsa ɗaya na kan babur ɗin hayar da yake ja, benskin kamar yadda ake kiransa a nan, mallakar wani, sai maƙwabcinsa Baba Bukar ya kira shi daga ƙofar gida.

"Ɗana, kashe wannan ƙwaron ka zo ka zauna."

Saminu ya waiga, ya yi turus. Tsohon ya kwance injin baburinsa kaf. Babur ɗin nan tun Saminu na goye ake jin kukansa a unguwar New Bell, kuma hannun bakanike bai taɓa taɓa shi ba. Fistin daga nan ya samo shi, kafireto daga can, kowane ƙarfe Bukar ya goge shi da hannunsa har ya zauna da ɗan'uwansa. Yau ga su a kan tabarma, an wanke su da kananzir, an jera sahu-sahu kamar masallata, suna ƙyalli.

"Baba, me ya lalace?"

"Babu. Naka ne daga yau, ka huta da ja wa wani. Amma sai ka ga yadda ake mayar da shi."

"Tout de suite, Baba, yanzun nan. In sauke wata fasinja a Logbaba in dawo."

"Logbaba ba ta tashi," in ji tsohon.

Saminu ya yi dariya, ya murɗa totur.

Bayan la'asar ya dawo, hadari ya haɗu, ya tarar da takalma cike da ƙofa. Bukar ya yi sallarsa, ya jingina da bango, sifana a cinyarsa, shi ke nan. Babu ciwo, babu nishi. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce har farcensa ya kankare, mutumin da baƙin mai bai taɓa barin hannunsa ba.

Ruwa ya fara ɗiga. Saminu, ido cike da hawaye, yana neman abin da zai yi wa mamaci, ya jawo daron wanki ya tattare tabarmar ya juye ƙarafan ciki gaba ɗaya. Ƙarar ta fito da Inna Hawa'u, matar marigayin. Ta daɗe tana kallon daron.

"Saminu, ai jerin shi ne karatun. Tun safe yake yi. Ya ce in ba ka riske shi ba, ka fara daga dama ka bi sahu, babur zai haɗa kansa."

"Inna, ya san zai tafi ke nan?"

"Ni dai ya ce in dafa abincin mutum ɗaya."

Bayan sadakar bakwai Saminu ya kai daron wurin bakanikai, daga New Bell har bayan kasuwar Marché Dakar. Kowa ya juya ƙarafan ya ce wannan ba aikin kamfani ba ne, mai shi kaɗai ya san hanyarsa.

To, ga abin da Saminu ya rasa: babur nasa na kansa, da ilimin da aka shimfiɗa masa har ƙofa, da zama na ƙarshe da mutumin da ya kira shi ɗana. Har yau na wani yake ja. Tabarmar kuwa tana rataye a ɗakinsa, da tabon mai sahu-sahu, kowanne da siffar ƙarfen da ya kwanta a wurin.