Akwatin da Ba Mai Leƙawa

…to wanne ke nan? Uku ne dai har yanzu. Tun da aka idar da azahar Mashkura take zaune a kan benci bayan ɗakin shan magani na Illo, inda sabis ya fi kamawa. Waya ta yi zafi a hannunta. Shafi uku a buɗe, kamfani uku, kowanne yana rantsuwa shi zai riƙe mata sirri. Imel na kuɗi. Ita, ma'aikaciyar lafiya, za ta biya abin da kowa yake samu kyauta. Bilkisu abokiyar aikinta ta yi dariya da safe har da dafa teburin awo. Ta yi mana. Bilkisu ba ta da tsohon miji zaune a cikin akwatin saƙonta.

Na farko a Turai yake. Wai ko su kansu ba sa iya karanta saƙon mutum. Ko su kansu? Wa ya gani? Kuma ga shi da jan rubutu: in kika manta kalmar sirri, shi ke nan, ba mai buɗe miki har abada. Ita da take neman makullin firjin rigakafi sau biyu a mako, yana cikin aljihunta…

Na biyu a nan ƙasar yake, akwai lambar da za ka kira mutum ya amsa. Mutum. Mutum kuwa yana da aboki, abokin yana da aboki, tsohon mijin nata Bunyaminu kuma babu garin da ba shi da wanda ya sani. A'a. Wannan zargi ne. Amma…

Ƙirrr. Saƙo da Faransanci: barka da zuwa Benin. Ko motsi ba ta yi daga bencin ba, waya ta tsallake iyaka ta bar ta. Shafin ya yi fari. Sai an sake jira.

Shi ya buɗe mata wancan akwatin. Shagon kwamfuta a Bagudo, mako biyu da biki, lallen ƙafarta bai goge ba. “Mi za mu sa?” Bai jira amsa ba ya buga sunanta, ya manna nasa a baya, ko tazara babu. Ta ji daɗi ranar — ƙarya za ta yi in ta ce ba ta ji ba. Aka nemi lambar waya, ya sa tasa, don a lokacin ƙaramar waya mai tocila gare ta. Shekara biyu ke nan da rabuwa. An kwaso gado, an kwaso kwanuka, har tabarmar da ta yage an naɗo mata a bayan mota. Wannan ne kaɗai ba a kwaso ba. Akwatin yana nan buɗe a wayarsa. Ta gwada sauya kalmar sirri sau nawa? Kullum amsa ɗaya: mun aika lambar tabbatarwa zuwa layin da ya ƙare da huɗu da bakwai. Huɗu da bakwai. Ko a barci aka tashe ta ta san layin.

Ta kira shi ta ce karanto mini? Ita? Allah ya kiyaye.

Shafin ya dawo. Na uku ke nan. Wannan shi ne mai ba ka sunanka har bayan alamar nan mai kama da “a” da ta naɗe wutsiya. Sunan da ka ga dama, naka, muddin kana sabuntawa duk shekara. Ta buga albashir. Sunan Baba. Ta tsaya tana kallonsa.

Baba da hannunsa a cikin kwanon tuwo, mako uku da suka wuce. Yaya Ma'azu ya dawo daga kasuwar Bagudo, ko kashe babur bai gama yi ba: “'Yar Baba, na gamu da baban Kubura. Ya ce in hwaɗa miki makarantar ungozoma ta Sakkwato sun kira ki ganawa ran Talata, kada ki makara.” A tsakar gida. A gaban kowa. Hannun Baba ya tsaya tsakanin kwano da baki. “Sakkwato? Mi za ki yi Sakkwato?” Ba ta faɗa wa kowa ta nema ba. So take sai abu ya tabbata, ta durƙusa ta faɗa da bakinta, ta zaɓi rana, ta zaɓi kalmomi. Ga shi an ƙwace mata. Har yau Baba gaisuwa kawai yake amsawa, da ka.

Kuma abin da ya fi ci mata rai — ba ta ga wasiƙar ba. Kwana huɗu ba ta leƙa akwatin ba, ana fama da masu amai da gudawa daga ƙauyukan bakin kogi. Da Bunyaminu, baban Kuburan, bai karanta ya aiko ba, da Talata ta wuce tana nan tana ɗaura ruwa. To godiya za ta yi ko tsaki? Mutum ya leƙa maka ɗaki ta taga, ya ce wuta ta kama labulenka. Sai ka ce masa me?

Sakamako yana tafe, sun ce kafin ƙarshen wata, kuma an yarda mutum ya sauya adireshi kafin Juma'a. In sun ɗauke ta, ita za ta fara gani. In ba su ɗauke ta ba… shi ke nan fa abin. Ya zauna a shagonsa na kayan babur, ya buɗe, ya karanta “muna baƙin cikin sanar da ke”, ya gyaɗa kai. Ko ya ji tausayinta. Tausayin ya fi muni.

Ta goge albashir. Daga sunan wannan namiji zuwa sunan wancan? Ta buga mashkura, shi kaɗai. Alama ta juya, ta juya. Kore. Babu wanda ya riga ta. A duk faɗin duniya ba wanda ya nemi sunan nan? Wani iri ta ji, kamar ta shiga ɗakin da ba a taɓa kwana a ciki ba.

“Mashkura! Mai cikin nan ta ƙauyen Kurgu ta dawo!” Muryar Bilkisu ce daga ciki.

“Ki auna ta, ina tahe!”

Ba ta tashi ba. Fom. Suna, ƙasa, lambar waya — tata, ta buga sau biyu, ta duba ƙarshenta. Sai wata tambaya a ƙasa, da ƙaramin rubutu: kina so a kwaso miki tsofaffin saƙonni daga wani akwati?

Kubura.

'Yarsu. Shekararta bakwai, tana wurinsa a Bagudo tun da ta shiga makaranta. Sai hutu take zuwa. Ita Mashkura ta toshe layinsa a makon da aka rabu, shi bai nemi a buɗe ba, ita ba ta buɗe ba, aka zauna a haka. Amma duk Juma'ar farko ta wata hotuna suna shigowa wancan akwatin. Ba gaisuwa, ba kalma. Kubura da jakar makaranta. Kubura da giɓin haƙori. Kubura tana harara don an ce ta tsaya. A kwaso su, ai dole. Na gaba fa? Sai ta ba shi sabon adireshin ke nan. Ta hannun Yaya Ma'azu, a takarda. Yana iya aikowa, ba ya iya karantawa. Madalla. Abin da take so ke nan.

Ko ba shi ba?

Yatsanta ya kai ta tsohon akwatin, ba ta aike shi ba. Wurin saƙonnin da aka rubuta ba a aika ba. Arba'in da ɗaya. Ba sunan kowa a sama. Ita dai ajiya take yi, haka take ce wa kanta, mutum yana bukatar inda zai zubar da magana. “Yau na karɓi haihuwar tagwaye ni kaɗai, injin wuta ya ƙi tashi.” “Baba ya fara mantuwa, ya kira ni da sunan Inna.” “Kitson da ake yi wa Kubura ya yi tsauri, goshinta har ya ja, yarinyar tana da ciwon kai.”

Wannan na watan Rajab ne. Hoton watan Sha'aban kuwa — kalaba manya-manya guda shida, sakwa-sakwa, Kubura tana dariya. Ta gani a lokacin. Ta ce dace ne. Ta ce mai kitson ce aka sauya. Ta rufe wayar ta ci gaba da wanke almakashi, kuma ranar har waƙa ta yi, Bilkisu ta tambaye ta ko albishir aka yi mata.

Dace?

Akwai littafin rubutu a jakarta, rabinsa fari. Akwai wurin ajiye rubutu a wayar kanta, ba ya bukatar sabis, ba ya bukatar kowa. Me ya sa ba can ba? Me ya sa sai ta fito bayan ɗakin nan, ta ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ta jira sabis ya kama, don ta rubuta maganar da wai ba ta son kowa ya gani? Shekara biyu. Tana fushi yana leƙe, tana ɗage masa labulen…

Katin banki yana kan cinyarta, ta riga ta buga lambobinsa. Saura maɓalli ɗaya, shuɗi, an rubuta biya. Daga nan akwati sabo, kulle, sunanta a gaba, sunanta a baya. Wasiƙar Sakkwato za ta sauka ba wanda ya riga ta. Hakkinta ne. Hakkinta ne, wallahi, ko gaban alƙali za ta maimaita.

An fara kiran la'asar daga masallacin kasuwa. Wuyanta ya yi tsami, idanunta suna yaji. Matar nan ta Kurgu tana nishi a ciki, da alama yau za ta sauka, kuma da alama ba da sauƙi ba. In an gama, in an wanke jini an naɗe jariri, in ta fito nan ta zauna… za ta buɗe sabon akwatin, ta rubuta.

Wa zai karanta?

“Mashkura, don Allah ki taho!”

Yatsan yana saman maɓallin. Bai sauka ba, bai ɗaga ba.