Ranar da Malam Ya Ci Gardama

"Sannu-a-hankali" ɗalibai ke kiran Malam, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun kansa ba furfura yake fama da lissafi a kan wani abu mai yauƙi, dangin wanda ke cikin gilashin waya. Shi ba ruwa ba, shi ba daskararre ba, ƙwayoyinsa jere hawa-hawa kamar an ninke zannuwa. Abokan aikinsa suka ce in zafi ya kai, hawan nan rushewa yake yi farat ɗaya. Malam ya ce atafau sannu a hankali yake saki, kuma sai ya nuna alama tukuna.

Gardamar nan ta bi shi har gida. Da matarsa ta kwanta ciwo, sai ya riƙa auna ta yadda yake auna lissafinsa. Jiya ta sha rabin kofin shayi, yau ma kusan haka. To, ai da sauran lokaci.

Ranar da za a gwada abin a ɗakin gwaji, 'yarsa Auta ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, yau dai ka zauna. Numfashin Mama bai yi mini ba."

"Haba Auta, ba irin na jiya ba ne? Abu ba ya zuwa haka kawai."

Daga kan gado matar ta yi 'yar dariya. "Bar shi ya je ya ci gardamarsa, ko kunnuwana sa huta. Malam, gyara wuyan rigarka."

Ya ce to, bai gyara ba. A ɗakin gwaji ya bar wayarsa cikin jaka, ya kafa wa kwamfuta ido ana ƙara zafi. Layin awon da ke kan allon ya yi ta sauka a hankali, ba tsalle ko ɗaya, daidai yadda ya lissafa. Wanda ya fi kowa musa masa ya zo ya ba shi hannu. Daɗi ya kama Malam kamar yaro, ya buga zanen a takarda don ya nuna wa matarsa.

Takalma ya tarar jibge a ƙofar gidansa. Ya kutsa ciki da sauri.

Auta na zaune a ƙasa, idanunta jajur. "Ta ce in ɗaga mata matashi. Kafin in juyo, shi ke nan."

Malam ya tsaya da takarda a hannu. Da ƙyar ya ce, "Haka kawai? Ba wata alama?"

"Na gaya maka da safe, Baba."